Huda Biyu a Jikin Leda

Ƙarfe biyu na rana ta ɗan gota. Hadari ya haɗo tun hantsi, ya tsaya cak a saman garin, ya ƙi zuba ya ƙi wucewa. Ko ganye ba ya motsi. Zufa ce kawai ke bin bayan mutum kamar ana tsiyaya masa ruwan ɗumi.

'Yar Tela na kan keken ƙafa a shagon mahaifinta, tana fama da hannun wata riga. Sau uku tana ɗinke wuri ɗaya tana farkewa. Mako biyar ke nan garin babu wuta tun da taransifoma ta ƙone, shi ya sa keken lantarki ke can gefe lulluɓe da tsohon zani kamar majinyaci. Ƙafarta ta gaji, idonta ya gaji, amma gajiyar da ta fi cin ta ba ta jiki ba ce.

Tun tana goye ake ce mata 'Yar Tela. Ga shi ta cika ashirin da huɗu, ta ma fi Baba iya yanka, sunan bai rabu da ita ba.

A da ƙusoshin bangon shagon ba sa isa a rataye ɗinkin mutane. Yanzu rabinsu tsirara suke. Mutum uku suka zo cikin makon nan suka karɓe yadinsu ba a ko sa masa almakashi ba, kowa da uzurinsa, babu wanda ya iya kallon idon Baba.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne.

Mako uku da suka wuce wata tsohuwa mai kiwon awaki ta tsinci ledar jini a cikin kwata, irin ta asibiti, a bayan ɗakin da Dogo ke haya. Ledar a yamutse take, ba ko ɗigo a ciki. A jikinta kuma ga huda biyu kusa da juna, kamar shaidar haƙora. Kafin la'asar maganar ta gama gari.

Dogo shi ne malamin da ke ɗibar jini a ɗan asibitin garin. Baƙo ne, shekararsa biyu da zuwa. Ba shi da yawan magana, ba a cika ganinsa cikin rana ba, sai da sassafe a gan shi yana sauri da ƙaramar kula a hannu. Kwanan nan kuma ya rame, ya yi wani fari marar kyau. Sai aka haɗa wancan da wannan. Macen da jiri ya ɗiba a bakin rijiya, Dogo ne. Akuyar da ta wayi gari a mace, Dogo ne. Uwaye suka fara janye 'ya'yansu in ya biyo layi.

Shi ne kuma mutumin da Baba ya riga ya ce wa ya turo manyansa.

"Har yanzu hannun rigar nan ne?"

Gwaggo ce ta leƙo ta ƙofar cikin gida. Yayar Baba ce, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarsu.

"Shi ne, Gwaggo."

"To Allah ya ba hannun riga haƙuri. Hankali na can asibiti, ƙafa kawai aka bar mana."

Baba na tsaye a teburin yanka, tef rataye a wuya, yana hura dutsen guga na gawayi. Bai ɗago ba ya tambayi ƙaramar 'yarsa, "Yaya jikin Auta?"

"Yadda ka bar ta. Na ja ƙasan idonta, fari fat kamar takarda. Yarinyar da aka ƙara wa jini mako uku kacal! Ina jinin ya tafi? Ku faɗa mini in ji."

"Gwaggo, ciwonta ne," in ji 'Yar Tela a hankali. "Tun tana shekara biyu haka jininta ke ƙonewa, tun kafin Dogo ya san hanyar garin nan. Wannan karon zazzaɓi ne ya haɗu mata."

"Zazzaɓi mai haƙori biyu ko? Ya ba ta leda ɗaya gaban mutane, ya bi ta baya ya zuƙe biyu. Ni wallahi sauro ma ya fi mini shi mutunci, shi dai yakan yi sallama a kunne kafin ya sha."

"Ya isa, Yaya," in ji Baba.

'Yar Tela ta cire ƙafa daga keken. Ta ce, "Baba, don Allah mu kai ta asibiti yau. Motar babban gari sai jibi. Auta ba za ta kai jibi a haka ba, ka ga yadda take numfashi."

Baba ya ajiye dutsen gugar. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Uwata, ni ban ce yana shan jini ba. Ban kuma ce ba ya sha ba. Tambaya ɗaya na yi masa, a nan, a kan bencin nan. Na ce ina ledar nan ta kwana, wa ya huda ta? Ya sunkuyar da kai ya ce mini ba zai iya faɗa ba. Namijin da ba zai iya amsa mini tambaya ɗaya ba, ba zan ba shi ke ba, ba zan kuma miƙa masa hannun ƙanwarki ya soka wa allura ba. Na gaji da maganar nan."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba, ta bar su suna ɗiga kan yadin mutane.

Ana cikin haka ƙarar babur ta tsaya a ƙofa. Mai Ƙanƙara ne, wanda shi kaɗai ke da babban injin wuta a garin, wanda kuma tun da wuta ta ɗauke yake ƙara ƙiba. Ya shigo da sallamarsa mai ƙarfi, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ɗora ledar ƙanƙara a kan teburin yanka.

"Ta Auta ce, a ɗora mata a goshi."

"Kai, Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," in ji Gwaggo, tana hararar 'Yar Tela ta gefen ido. "Ga masu kawo sanyi gida, ana ta bin masu kwashe jini."

Ruwa ya fara tsiyaya daga ledar yana bin teburin. 'Yar Tela ta yi wuf ta janye yadin da ke kusa.

"Kai kullum ledarka a huje take zuwa."

Ya yi dariya, yana jin daɗi ta tanka masa. "Ƙugiya ce, ranki ya daɗe. In ƙanƙara ta manne a gindin firiza hannu ba ya ciro ta. Ki yi haƙuri, gobe da kaina zan zaɓo miki marar huda."

Ta ɗauki ledar ta kai wa Auta. Yarinyar na kwance ta dunƙule, leɓɓanta sun bushe. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Yaya, ƙasusuwana."

"Na sani, Autar Baba. Yi shiru, ina zuwa."

Ta dawo shago ta ɗauki mayafi. "Baba, farin zare ya ƙare."

Baba ya kalli kwalin zare, ya kalle ta. 

*

Ɗakin gwajin jini na can ƙarshen baranda, ƙarami, tagarsa ɗaya an toshe ta da kwali. A da babu mai zama a bencin ƙofar sai ya yi layi. Yau kaza ce a kai.

Dogo na zaune ya kifa kai a kan tebur. Da ya ji motsi ya ɗago, ya yi yunƙurin miƙewa, sai ya dafa bango.

"Kin zo? Baba ya sani?"

"Zare na fito saya."

"To ai ba a nan ake sayarwa ba." Ya so ya yi murmushi, bai fito ba.

Ta zauna a kujerar da masu ba da jini ke zama. Ta kalli farar rigarsa ta aiki, maɓallin tsakiya na lilo da zare ɗaya, wuyan ya yi masa yawa. Kuka ya ƙwace mata.

"Dubi yadda ka koma. Dubi yadda na koma. Mako uku ban yi barcin kirki ba. In na fita ana nuna ni, in na shiga gida ana yi mini habaici. Auta na can tana mutuwa a hannunmu, Baba ya ce ba za ka taɓa ta ba. Duk saboda me? Saboda tambaya ɗaya! Me ke cikin ledar nan da ya fi ni daraja a wurinka?"

"Kada ki ce haka."

"Na faɗa. In ba ka so na ne ka faɗa mini in san na rasa, in huta. Wallahi na gaji da kare mutumin da ya ƙi kare kansa."

Ya runtse ido. "Ina son ki, Allah ya sani. Alkawari na yi wa wani. Ya taimake ni lokacin da ba mai taimako, ya ce in na ambaci sunansa na kashe masa sana'a. Na rantse masa. Wanda ya huda ledar kuwa, wallahi ban san shi ba. Ni kaina in na kwanta sai in yi ta tunani, anya babu wani abu da gaske a garin nan?"

"To me ya sa ka yi fari haka? Ni ma tambayata ake yi, ba ni da amsa."

 Sai ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu. Wurin ya yi baƙi-baƙi, ga tabon allura nan sabo da tsoho.

"Tun da maganar nan ta fito ba wanda ya sake ba da jini. Ko kafin ta fito ma sai an yi ta roƙo. Matar mai gyaran keke da ta haihu, nawa ne. Yaron da ya faɗo daga mota, nawa ne. Ledar da ta ɓata kuma..." Ya sauke hannun rigar. "Ta Auta ce. Ranar da kuka kawo ta na je ɗauka na tarar babu."

'Yar Tela ta dafe baki. "Jinin da aka ƙara mata..."

"Kada ki faɗa wa Gwaggo. Sai ta ce a matse shi a fitar."

Dariya da kuka suka haɗe mata wuri guda. Da ta samu numfashi ta ce, "Ina ledar? An ce shugaban asibiti ya karɓe ta daga hannun tsohuwar."

"Ni ya bar wa ajiya." Ya jawo aljihun tebur ya fito da ita cikin wata takarda, an wanke ta, ta bushe. Ita ba ta taɓa ganinta ba, labari kawai take ji. Ta ɗaga ta wajen hasken ƙofa, ta miƙar da ita da yatsu kamar yadda take duba yadin da asu ya ci.

Huda biyu. Ta hagu zagaye take tsaf. Ta dama ta ɗan yage a karkace, kamar bakin abin da ya shiga a lanƙwashe yake.

 Ɗazun nan ta ga wannan yagar, tana zubar da ruwa a kan teburin Baba. Jiya ma ta gan ta. Shekaranjiya ma.

"A shagon ƙanƙara ka ajiye ta."

Dogo ya ɗago da sauri. "Ban faɗa miki ba."

"Ba ka faɗa ba."

Ya sauke ajiyar zuciya kamar wanda aka sauke wa buhu. "Firjinmu ba ya aiki sai da wuta, injinmu ya mutu. Jini kuma in ya yi zafi ya lalace. Na roƙe shi ya bar ni in riƙa sa kwali ɗaya a firjin lemonsa, a ƙasa. Na ce masa sanyi kawai, kada ya daskare. Da ledar ta ɓata ya rantse mini bai san an yi ba, wai wani ne ya shiga. In shugaba ya ji na fitar da jini daga asibiti na kai shagon lemo, aikina ya ƙare, ko da kuwa da kyakkyawar niyya na yi."

Ta naɗe ledar ta sa cikin mayafi.

"Ina za ki da ita?"

"Sayen zare."

*

Shagon ƙanƙara na bakin kasuwa, inji na ruri a bayansa. Mai Ƙanƙara na ganinta ya kori mai sayen da ke gabansa, ya goge kujera da hannun riga.

"Yau wace rana! Wane irin lemo za a buɗe?"

Ba ta zauna ba. Idonta na kan ƙusar bango, inda ƙugiyar ke rataye. Ƙarfe ne mai baki biyu, ɗaya miƙe, ɗaya ya ɗan lanƙwashe.

Ta warware ledar jinin ta shimfiɗa a kan murfin firiza.

Dariyar fuskarsa ta tafi. Ya leƙa waje, ya janyo ƙofa rabi.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Haƙoranka ne can a rataye, ko in kira mutane su gwada?"

Ya zauna a kan kujerar da ya goge mata. Zufa ta keto masa duk da sanyin shagon.

"Ba da gangan na yi ba, wallahi. Ranar an kawo mini lemo da yawa, firji ya cika. Na ga leda ɗaya ce ta rage a kwalinsa, na ce bari in sa masa a firiza. Ni a sana'ata abin da ya fi sanyi shi ya fi kyau, ban taɓa jin sanyi ya ɓata abu ba. Da asuba na zo ta manne a gindi kamar dutse. Na sa ƙugiya yadda na saba. Kafin in gama da masu saye ta fara narkewa, firiza ta yi ja-ja. Kin san abin da zai faru in mutane suka ji lemonsu da jini yake kwana? Na kulle ƙofa na wanke komai, na fita da ita na jefar."

"A bayan ɗakinsa."

"Kwatar ce ta..."

"Kwata nawa ka wuce kafin ka kai can?"

 Inji na ta ruri.

"Shekara huɗu ina kawo yadi shagonku," ya ce da wata murya da ba ta san shi da ita ba. "Riguna sun yi mini yawa har ina rabarwa. Kin ɗauka rigar nake bi? Shi kuma daga zuwansa, ko magana bai iya ba... Ni dai ban ce wa kowa yana shan jini ba."

"Ba ka kuma ce ba ya sha ba. Kana kawo wa ƙanwata ƙanƙara, kai ka zubar mata da jininta."

Ya ɗago a firgice. "Nata ne?"

"Tashi mu je ka faɗa wa Baba da bakinka."

Ya girgiza kai. "Ba zan iya ba. In kin tona ni, shi ma kin tona shi, korarsa za a yi. Ki yi tunani."

Ta naɗe ledarta. Ba ta da sauran ƙarfin yi masa faɗa. Ta fita ta bar shi zaune yana kallon ƙugiya.

*

Rana ta yi ƙasa lokacin da ta shiga gida, iska ta fara kaɗawa da ƙamshin ruwa. Baba na shago a zaune, hannu biyu kan gwiwa.

"Ina zaren?"

Ta wuce ciki. Ƙanƙarar ta narke tuni, ledar na gefen filon Auta. Numfashin yarinyar ya koma sama-sama. 'Yar Tela ta ɗauko ledar, ta dawo ta shimfiɗa su biyu a kan teburin yanka, gefe da gefe. Gwaggo ta biyo ta, da ta ga ta jinin ta ja da baya tana salati.

"A gidan nan? Kin haukace?"

"Baba, ni ba zan ce komai ba, don kada a ce so ne ya rufe mini ido. Kai tela ne. Ka auna."

Baba ya kalle ta, ya kalli ledojin. Ya miƙe a hankali, ya sa tabarau, ya zare tef daga wuya. Ya danne ta farko da babban yatsa ya auna tsakanin hudar. Ya koma ta biyu. Ya sake komawa ta farko. Ya shafa yagar dama da farce, nan da can.

"Inci ɗaya da kwata," ya ce. "Duka biyun. Yagar ma hannu ɗaya ta karkata. Abu ɗaya ne ya huda su."

"To in shi ne ya je ya ciji ƙanƙarar fa?" in ji Gwaggo. Amma muryarta ba ƙarfi.

'Yar Tela ta durƙusa ta faɗa masa komai, firjin asibiti, alkawarin, firiza, ƙugiya. Tana faɗa tana kuka, har muryarta ta dishe. Baba ya koma ya zauna, ya cire tabarau ya murza ido.

"Na gani, Uwata. Amma gari ba shi da tef. In na fita na faɗa, na raba yaron da aikinsa. In na yi shiru na ba shi ke, an ce tela ya aurar wa mai shan jini 'yarsa, mu rufe shago mu ci me? Ni na tsufa da wannan rigimar."

"Baba, ban ce ka ba shi ni yau ba. Ni zan iya jira, ko shekara nawa ne. Hannun Auta za ka ba shi. Ita ce ba za ta iya jira ba."

Daga ciki suka ji ƙaramar murya ta kira, "Baba." Sau ɗaya, ba ta sake ba.

Ya miƙe har kujera na faɗuwa. Bai jima ba ya fito da ita a baya, kanta na lilo a kafaɗarsa.

"Yaya, rufe shago."

"Ta gaban mutane za ka bi da ita?"

"Akwai wata hanyar ne?"

Suna fita ɗigon farko ya sauka.

*

Kafin su isa ruwa ya kece. Mutanen da suka fake a ƙarƙashin rumfuna suka bi su da ido, wani na taɓa wani. Wasu ma suka biyo baya suka tsaya a tsallaken titi, daidai ƙofar asibiti, suna jiran su ga abin da zai fito.

Dogo bai yi tambaya ba. Ya karɓi Auta ya kwantar, ya ja ƙasan idonta, ya soki yatsanta ya duba. Sannan ya cire farar rigarsa ya rataye a bayan ƙofa, ya fara naɗe hannun ta ciki.

Baba ya kama hannun. Ya juya shi wajen fitila, ya daɗe yana kallon tabon.

"Sau nawa?"

"Ba komai, Baba."

"Na ce sau nawa?"

"Uku."

"Har da na yarinyar nan?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Kai dai sunkuyar da kai ne sana'arka," in ji Baba. Ya ture shi gefe, ya zauna a kujerar, ya naɗe tasa rigar. "Gwada nawa. In ya yi, ɗebi. Ka kuma yi a hankali, ni nake soka wa yadi allura, ba a taɓa soka mini ba."

Aka gwada, ya dace. Baba ya kau da kai yana kallon bango har ledar ta cika. Da Dogo ya danna masa auduga, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Kada ka ɗauka na ce wani abu. Maganar can tana nan yadda take, sai na san yadda zan yi da bakin waɗancan da ke tsaye a waje."

"Na ji, Baba."

Dogo ya ɗauki ledar ya shiga ɗakin da Auta take. 'Yar Tela ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon jan abin yana bin siririn bututu, ɗigo bayan ɗigo. Ta jingina da bango. Ta taga tana hango su a tsallake, ruwa na dukansu, sun ƙi tafiya.

Da ta juyo sai ta ga Baba ya sauko da farar rigar daga bayan ƙofa ya ɗora a cinya. Ya zaro allurar da ba ta rabuwa da gefen hularsa, da ɗan farin zare a jikinta. Ya kama maɓallin da ke lilo ya kafe shi, ya naɗe gindinsa, ya ciji zaren. Ya ɗaga rigar ta kafaɗu, ya zare tef ya gitta daga wannan kafaɗa zuwa waccan, leɓensa na motsi, kamar yadda yake yi in zai yanka wa mutum sabuwa. Da ya ga tana kallonsa sai ya haɗe fuska, ya mayar da rigar inda take, ya koma ya zauna ya rufe ido.

Can Dogo ya fito neman auduga. Sanyin ruwan ya shige shi, ya jawo rigar ya zura, ya ɓalla maɓallan tun daga sama har ƙasa bai ko duba ba, ya koma wurin Auta.